Juyen Mai a Tsamiyar Kurma

Ku rage wutar nan, tana tara mana ƙwari. Ke kuma da kike ta leƙen bayanki, kwantar da hankalinki. Mutanen wannan labari ba ruwansu da duhu. Da rana tsaka suka fito, rana na dukan ƙeya, lokacin da kowa ke ganin babu abin tsoro a duniya.

Akwai wani direba, Anaruwa. Ana ruwa aka haife shi, kuma waɗanda suka halarta sun ce tun ranar ya soma musu, wai shi bai jiƙe ba. In ka ce masa sannu, sai ya tambaye ka da me. In ka taka shi ka ba shi haƙuri, ya karɓa a wulaƙance. In shi ya taka ka, to ƙafarka ce ta shigo hanya. Ba a taɓa jin ya nemi afuwar wani mahaluƙi ba, ko da wasa.

Motarsa tsohuwa ce irin ta shiga daji, mai jan taya huɗu, doguwar ƙafa, jiki duk faci. 'Yar Gardama ake ce mata. In damina ta yi nisa, hanyar Tungar Maje ta zama kunu, kowace mota sai ta janye, ita kaɗai ke ratsa dajin ranar kasuwa. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Ribas ta daina yi tuntuni, ita ma ba ta komawa baya. Hon ɗinta kuwa ya mutu tun kafin wasunku su yi haƙori, saboda haka bakin Anaruwa ne hon. Ya leƙo da kai ta taga ya daka tsawa, mutane da awaki su watse.

Abu ɗaya ne Anaruwa ba ya yi wa motar nan: juye. Wato a zubar da tsohon baƙin mai, a sauya filta, a zuba sabo. Shi ƙari kawai ya sani. In mai ya yi ƙasa, ya tsiyaya sabo a kan tsoho, ya buga bonet ya rufe. Motar na haƙilo cikin rairayi da rani, tana iyo a kududdufi da damina, tana jan ciki a giya ɗaya injin na tafasa, man da ke ciki yana ta dahuwa yana ƙara kauri.

Abokinsa bakanike, Ɗan'azumi, ya taɓa buɗe murfin mai ya zura yatsa. Yatsan ya fito da wani abu baƙi ƙirin mai danƙo, kamar an dama kwalta da toka.

"Anaruwa, wannan ai ya tashi daga mai. Tuwo ne."

"Tana tafiya ko ba ta tafiya?"

"Tana tafiya. Amma ranar da abin nan zai toshe mata rariyar da ke tace mai, inda kake nan za ka tsaya."

"To ranar ka zo ka yi mini ta'aziyya."

Ɗan'azumi bai yi fushi ba, ya saba. Ya ɗauko jarkar sabon mai da filta ya cusa masa a ƙarƙashin kujera, kyauta. Anaruwa bai ce an gode ba, bai kuma taɓa su ba. Da ba a ce masa ya yi juyen ba, wataƙila da ya yi. Tunda aka ce, magana ta ƙare.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa. Fasinjoji suka dubi hanya suka ce su ba su shiga dajin nan yau. Mutum ɗaya ce ta hau: Gwaggo Tasalla, yayar mahaifinsa, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. In kuna neman inda Anaruwa ya gado taurin kai, to ga shi nan zaune a gidan gaba, da ɗaurin ɗankwali da goro a kumatu. Ta sayar da manta, za ta koma gida da babbar robarta, da ludayi, da sabuwar tsintsiya, da galan ɗin kananzir na fitila.

Suka kama hanya. Caɓi har gindin ƙofa, 'Yar Gardama na gurnani tana tsagawa. Sai da suka yi nisa, gari ya ɓace a baya, Tungar Maje ba ta bayyana a gaba ba, sannan jar wutar mai ta soma ƙiftawa.

Anaruwa ya cire hularsa ya rataya a kan wutar, ya rufe ta.

Can kuma injin ya kama wani sauti. Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Wa ke taunar tsakuwa a motar nan?" in ji Gwaggo.

"Waƙa take yi, Gwaggo."

"Waƙar makoki ko?"

Anaruwa ya kasa kunne. Shi dai ya san sautin. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. In ya ƙara taku, injin zai buga, kuma injin da ya buga a tsakiyar dajin nan sai dai ya zama gidan ɓeraye. Ya hango inuwa a gaba, ya gangara ya kashe mota.

Inuwar Tsamiyar Kurma ce. Ana ce mata haka ne don ko tsuntsu ba ya kuka a kanta. Makiyaya kewaye ta suke yi, masu itace ba sa tsintar ko ƙirarenta. Anaruwa ya san duk wannan. Shi a wurinsa inuwa inuwa ce.

Ya zaro sandar awon mai. Mai na nan cike, amma ya manne wa sandar, ko ɗiga ba ya yi. Ranar da Ɗan'azumi ya faɗa ta zo, sai dai ba za ku ji wannan daga bakin Anaruwa ba. Ya san kuma dole a fitar da man nan yanzu da zafinsa, don in ya huce ko da muciya ba zai motsa ba.

"Gwaggo, ara mini robarki in tara."

"Robar man gyaɗata? Tara a hularka."

Ya ja tsaki, ya ɗauki sifana, ya shige ƙarƙashin mota. Gwaggo ta sauko tana duban bishiyar, tana duban rana. Sai ta rage murya.

"Kai, ɗan nan. Rana tsaka ce, gindin tsamiya ne, abin kuma da zafi. Ka yi bisimilla, ka ce gafara masu wuri, kafin ka saki."

Kun san dai al'adar. Ko ruwan zafin girki mace ba ta watsa shi a ƙasa sai ta faɗi haka, don waɗanda ba a gani su sami damar janye 'ya'yansu.

"Gafarar wa?" in ji Anaruwa daga ƙasa. "Tururuwa?"

Ya murza notin juye. Notin ya ƙona masa yatsa, maimakon bisimilla sai ashar ta fito. Da fari man ya ƙi zuwa. Ya sa tsinke ya tsokane shi. Sai ɓul. Ɓul. Ya soma faɗowa gudaji-gudaji, baƙi, yana hayaƙi. Ya taru, ya bi gangare a hankali kamar mai neman wani gida, ya sami wani ɗan rami tsakanin saiwoyin tsamiyar, ya shige.

Ramin ya shanye shi duka. Bai ko cika ba.

Kwaɗin da ke ta kuka a fadama suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da hannu guda. Ƙudan da ke damun Gwaggo suka ɓace. Har ɗan ƙarar nan da ƙarfe ke yi in yana hucewa, ta tsaya.

Anaruwa na kwance a ƙarƙashin mota, ya juya kai. Ya ga gefen farar riga. Ya ga ƙafafu biyu, babu takalmi. Dunduniyoyin ne ke fuskantarsa, don haka ya ɗauka mutumin tafiya yake yi.

Amma ƙafafun ƙara matsowa suke.

"Salamu alaikum."

Muryar ba daga sama ta zo ba. Daga ƙasa ta fito, ta ƙarƙashin bayansa, har ya ji ta a haƙarƙari.

Ya jawo jiki ya fito. Wani ɗan gajeren tsoho ne, da farar riga da rawani. Rabin gemunsa fari fat. Ɗaya rabin baƙi, yana tururi, mai na ɗiga daga tsininsa. Ɗigon yana barin gemun, amma ba ya isa ƙasa.

Goron Gwaggo ya faɗo daga bakinta. Ta kama Ayatul Kursiyyu da sauri, tana tuntuɓe. Tsohon ya sunkuyar da kai yana saurare cikin ladabi. Can ya ɗaga yatsa.

"Kin tsallake wuri, Hajiya." Ya cika mata. "Mu ma muna salla."

Sannan ya juyo.

"Direba. Wa ya zuba?"

"Ni ne."

"Muna cin abincin rana. Ta rufin ɗaki ya sauko. Ya shiga miya. Jikana na barci a wurin, da ƙyar uwarsa ta fizge shi. Ni na tare da gemu."

Anaruwa ya gane da wa yake magana, gaskiya. Amma shi bakinsa kullum yana riga hankalinsa fita.

"Kun sa alama? Mutum ya yi gida a bakin hanya, ba ƙofa, ba katanga, sannan ya ce an zuba masa abu?"

"Kafin a yi hanyar muke nan."

"To da aka yi sai ku matsa."

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Baba mai wuri, kada ka biye masa. Tun yana goye haka yake."

"Ba ramuwa na zo yi ba," in ji tsohon. "Kalma ɗaya. Wadda gwaggonka ta ce ka faɗa. Faɗe ta, ka yi tafiyarka."

"Ka ce gafara, ja'iri!" Gwaggo ta durƙusa cikin laka. "Ni na faɗa a madadinsa, ranka ya daɗe. Gafara, gafara dai, gafara masu wuri."

"Ba ke kika zuba ba."

Anaruwa ya dubi ƙasa kusa da ƙafafun nan. Ga inuwar Gwaggo, ga tasa a inda hasken rana ya ratso ganye. Ta tsohon babu. Ya gyara tsayuwa.

"Ban taɓa faɗa wa mai inuwa ba. Ba zan fara da marar inuwa ba."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya dangwalo man gemunsa da yatsa, ya ɗora a ƙirjin Anaruwa, daidai inda zuciya take. Yatsan sanyi ƙalau.

"To abin da ke cikin injinka, shi ke cikin jijiyarka. In nasa ya gudu, naka ya gudu. Ka ga inuwar nan? In ta janye daga kan motar, motar ba ta tashi ba, kai da ita kun daskare tare."

Anaruwa ya buɗe baki zai yi dariya. Dariyar ta maƙale. Ya ji yatsunsa sun yi nauyi kamar an cika su da yashi. Ya ji zuciyarsa ta sauya taku. Ɓul. Sai ta jira. Ɓul.

Ya ɗaga ido. Rana ta riga ta karkata, bayan motar ya soma shiga haske.

Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar gora, ya girgiza ta. Abin da ke ciki ya yi ƙara kamar ruwan sama a nesa.

"Ko kuma ga sauƙi. Zuba wannan ta sama, ka tayar. Zai wanke komai lokaci guda, ba wahala. Ladana kaɗan ne. Duk ranar kasuwarmu, kai ne direbanmu. Muna da kaya. Sai dai hanyarmu ba a cika dawowa da wuri ba."

Hannun Anaruwa ya motsa da kansa. Wa zai ga laifinsa? Amma ya taɓa ganin tsohon injin da aka yi wa wankan gaggawa irin wannan. Dattin da ya shekara a manne ya ɓalle gaba ɗaya, ya ruga ya cushe a rariya, injin ya buga kafin a fita daga gareji. Ya tuna wannan. Sai dai kada ku ɗauka sanin inji ne ya riƙe masa hannu. Cewa aka yi ya zuba.

"Mai da gorarka, Baba. Ni ba yaron motar kowa ba ne."

Ya ɗauki sifana da hannu biyu, ya koma ƙarƙashin mota.

Aikin da ya guje wa shekara da shekaru, yau shi ne a gabansa, kuma na hannu ne, ba gajeriyar hanya. Sai an kwance kwanon da ke ƙarƙashin injin, inda mai ke taruwa. Notuna ne zagaye da bakinsa, kowanne ya ci laka ya ci tsatsa. Na farko ya kwance. Na biyu ya yi gardama. Kafin ya kai rabi, sifanar ta yi masa nauyin taɓarya.

Sai ya ji motsi a gefensa. Gwaggo ce ta tattare zane ta shigo da rarrafe. Ta tura masa robar man gyaɗarta a ƙarƙashin kwanon, ta dafa hannunta a kan nasa, suka murza tare.

Kwanon ya saki. Suka jawo shi waje, suka leƙa.

"Tunkuza!" in ji Gwaggo. "Wallahi da ana ƙuli da wannan, da na je Makka sau biyu. Kai, a haka kake ɗaukar mutane?"

"Tana... tafiya... ai."

Harshensa ya soma kauri.

Ta ba shi ludayi. Yana kankarewa tana karɓa a roba, ba a bar ko ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Abin ya yi kauri a ƙasan kwanon har ludayin na tsayawa a ciki da kansa. Da suka kai ga ƙarfe, ta tsiyaya kananzir, shi kuma ya yage rigarsa suka goge. Ya koma ƙasa ya sa hannu cikin injin ta inda kwanon ya fita, yana yaƙuto abin da ya iya kaiwa.

Inuwa ta bar bayan motar. Ta bar rufi.

Tsohon na zaune kan saiwa, ya harɗe ƙafafun nan nasa, yana taje farin ɓangaren gemunsa da yatsu.

"Kalma ɗaya ce fa, direba."

"Ajiye ta... za ta yi maka... amfani."

Saura rariya, wadda famfo ke zuƙo mai ta cikinta ya aika wa injin. Da ƙyar ya kwanto ta. Ba ta yi kama da rariya ba, sai ka ce curin daddawa. Ya yi niyyar goge ta, yatsunsa suka ƙi lanƙwasawa. Ta suɓuce. Ya zauna jingine da taya, ido na rufewa, leɓe ya yi toka-toka. Zuciyar na bugawa, sannan ta yi dogon tunani kafin ta sake.

Gwaggo ta ɗauki rariyar ta jefa cikin kananzir. Ta zaro tsinke daga sabuwar tsintsiyarta.

"Tun ubanka bai san hanyar kasuwa ba nake tace mai," ta ce. "Kada ka kuskura ka mutu ka bar ni da wannan akwalar a daji. Ka ji ni?"

Ta soma tsokane ƙofofin, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ta saitin rana. Wani ɗan haske ya ɓullo, kamar kan allura.

Anaruwa ya ja numfashi.

Ta huda wata. Ya sake ja. Tana hudawa tana zaginsa, tana zagin kakansa da ya bar musu gadon hali, hawaye na bin kumatunta ba ta ko share ba. Da rariyar ta koma tana nuna rana ta ko'ina, sai ga yatsun Anaruwa sun motsa.

Inuwa ta bar gilashin gaba. Bonet kaɗai ya rage.

Ya mayar da rariya. Ya mayar da kwano, ya ɗaure notuna, ya ɗaure na juye. Ya cire tsohon filta da ya yi nauyin dutse, ya jawo na Ɗan'azumi daga ƙarƙashin kujera ya ɗaura. Gwaggo ta riga ta buɗe jarka tana miƙo masa.

Bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallon ramin nan na tsakanin saiwoyi.

"Me kake kallo? Inuwa, ɗan nan! Inuwa!"

Ya ɗauki robar da tsumman rigarsa, ya ja ƙafa ya je bakin ramin, ya kwanta rubda ciki. Ya zura hannu har kafaɗa. Ya kwaso baƙin mai ya zuba a roba. Ya sake. Can ciki yatsunsa suka taɓa bakin wata 'yar tukunya, ya goge ta. Suka taɓa gefen tabarma, ya goge. Sai wani ɗan hannu, ƙarami ƙwarai, mai ɗumi, ya kama masa babban yatsa. Ya riƙe kaɗan. Ya saki.

Anaruwa ya daɗe bai motsa ba. Da ya miƙe, bai dubi kowa ba.

"Ba don kai na yi ba," ya ce wa tsohon. "Ba na barin kayana a gidan mutane."

Sai baƙin gemun tsohon ya daina ɗiga.

Inuwar da ta rage a kan bonet ba ta fi faifai ba. Ya tsiyaya sabon mai, launin zuma, yana gudu kamar ya san hanya. Ya faɗa kujera. Ya cire hular da ya rufe jar wuta da ita, ya sa a kansa. Ya murza makulli.

Injin ya yi nishi. Ya tsaya.

Ya sake murzawa. Nishi, tari, nishi. Sai ya kama.

Jar wutar na kunne. Tana kunne. Gwaggo ta toshe baki da ɗankwali. Inuwar ta koma kamar tafin hannu, tana zamewa ta gefen fitila.

Wutar ta mutu.

Anaruwa ya ji wani ɗumi ya taso daga ƙirji ya bazu har ƙarshen yatsun ƙafa. Ƙas-ƙas ɗin nan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɓace. Gwaggo ta jefa robar da kayanta a baya ta faɗo ciki, ko igiyar ƙofa ba ta ɗaura ba.

"Ja mu tafi!"

Ya ɗago kai. Tsohon na tsaye a tsakiyar hanya, gab da hancin mota. Ba gajere ba ne yanzu. Rawaninsa na cikin rassan tsamiya, farar rigar ta tare hanyar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Injin ya tashi, jininka naka ne," in ji muryar daga ƙarƙashin tayoyi. "Amma hanyar tawa ce. Ba ka wucewa sai da kalmar."

Hagu fadama ce, mai haɗiye saniya. Dama saiwoyin tsamiya. Baya kuwa, kun san 'Yar Gardama da ribas.

Ran Anaruwa ya ɓaci. Ya manta da tsoro, ya manta da wa yake magana. Shi dai ga shi a kan sitiyari, injinsa na ruri, wani ya tsaya masa a gaba, kamar kowace ranar kasuwa. Ya cusa giya. Ya daki hon da tafin hannu, hon ya yi shirun da ya saba. Sai ya leƙo da kai ta taga, jijiyar wuya ta miƙe, ya kwarara irin tsawar da yake yi wa masu tallan rake da awaki:

"Kai Malam, gafara! Gafara dai a ba mota hanya!"

Dajin ya ɗauke numfashi.

Sai ƙasa ta soma rawa a hankali. Dariya ce. Tana tasowa ta cikin tayoyi, ta cikin kujera, har ludayin Gwaggo na kaɗawa a roba.

"Na karɓa."

"A'a! Tsaya! Ba wannan nake nufi ba! Kauce nake nufi!"

"Kalmar na nema, direba. Ban tambayi nufinka ba."

Hanya ta buɗe fayau. Ba riga, ba rawani. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu daga inda suka tsaya. Anaruwa ya so ya sauko ya ƙarasa bayani, Gwaggo ta dunƙule hannu ta sakar masa ranƙwashi, ya taka mota.

Kafin magariba duk Tungar Maje ta ji cewa Anaruwa ya nemi gafara. Gwaggo ce ta bi gida-gida, kuma duk gidan da ta shiga sai labarin ya ƙara tsawo, har aka kai inda ya durƙusa yana kuka. Shi kuwa har gobe yana nan a kan bakansa: hanya ya nema, kuma an ba shi.

Bayan 'yan makonni, sabon man ya wanko sauran dattin da hannu bai kai ba, ya soma duhu. Anaruwa ya duba sandar awo, ya taɓe baki, ya ɗauko na ƙari kamar yadda ya saba. Motar na tsaye a tasha, a kashe, makulli na aljihunsa.

Hon ya yi kuka.

Ba irin kukan hon ba. Wata doguwar murya ce ta tsoho, mai fitowa kamar daga ƙarƙashin ƙasa, kuma duk wanda ke tashar ya rantse abin da take cewa: gaafaraa. Ɗan'azumi ya bi wayar hon ɗin da hannu har ƙarshenta, ya tarar ba ta haɗe da komai, tun tuni ɓera ya cinye ta. Aka cire kan batir. Bai fasa ba. Sai da aka kwance notin juye, tsohon mai ya sauka cikin roba, sannan ya yi shiru.

Tun daga ranar haka ake yi. Da mai ya fara kauri, hon zai tashi, ko ana tsakiyar ciniki, ko ana ɗaurin aure. Anaruwa zai shige ƙarƙashin mota da robar Gwaggo, wadda ba ta sake karɓa ba. In ka tambaye shi, cewa zai yi ra'ayinsa ne ya ga dama, ba wanda ya sa shi. Masu kunne sun ce kafin ya saki notin yakan yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Shi ya ce tari ne.

Saboda haka in tafiya ta kai ku hanyar Tsamiyar Kurma, kada ku bi ta ku kaɗai, kada kuma ku tsaya a inuwar, ko rana za ta narka ku. Wanda ke ganin zai iya irin gardamar Anaruwa, ya fara tambayar kansa ko yana da gwaggo mai tsintsiya a gefensa.

Ke mai leƙen baya, tashi ki zubar da sauran ruwan butar shayin nan a bayan ɗaki, da sauran zafinsa. Tsaya tukuna. Me za ki ce?

Ban ji ba. Ɗaga murya, su ma su ji.